Me ya sa kayan ɗura harsashi a gida suka yi tashin gwauron zabi a Amurka?

A Amurka akwai mutane masu ɗimbin yawa da basa sayen harsashi a kanti sai in ta kama dole, su da kansu suke ɗura abinsu a gida, a garejin mota ko wani ɗan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Mafarauta ne da masu gasar harbi da tsofaffin sojoji da ƴan fansho, kuma doka ta yarda musu muddin don amfanin kansu ne, wanda zai sayar shi ne sai ya nemi lasisin gwamnatin tarayya. To wannan sana'a ko ince wannan sha'awa, tun asali an gina ta ne akan abu ɗaya, wato sauƙi. Ka harba harsashi, ka tsince kwanson, ka sake cika shi, ka rage kashe kuɗi. Amma daga 2020 zuwa yau lissafin ya birkice, kayan sunyi tsadar da har wasu da suka shekara talatin a harkar sun rufe injinansu da ƙyalle sun haƙura.

Kafin a fahimci tsadar sai an san me harsashi ya ƙunsa, domin duk maganar a nan take. Abu huɗu ne kacal. Akwai kwanso, shi ne wannan ɗan bututun mai ruwan zinare da yake faɗowa ƙasa bayan an harba. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai ƙwayar da take fita ta baki, yawanci dalma ce aka lulluɓe ta da jan ƙarfe. Sannan akwai wani ɗan mitsitsin abu a gindin kwanson kamar maɓalli, suna ce masa firaima, shi ne allurar bindiga take doka ya tada wuta albarushin ya kama. Kwanson ne yafi kowanne tsada, kuma shi kaɗai ne baya ƙarewa da harbi ɗaya, ana iya maimaita shi sau da yawa kafin bakinsa ya tsage. Maharbanmu masu adaka ma ai su suke ɗura abinsu, bambancin kawai su ta bakin bindiga suke zuba albarushi su danna, waɗancan kuma cikin kwanso suke zubawa da sikeli da inji.

Shi injin kuwa ba wani abin lantarki bane a asali, ƙarfe ne mai nauyi da ake ɗaure shi da kusoshi a jikin benci, yana da mariƙi da ake ja ƙasa. A samansa ake murɗa wasu gajerun bututun ƙarfe da ake kira dayis, su suke mayar da kwanso girmansa su kuma zaunar da ƙwaya a bakinsa, kowane girman harsashi da nasa saitin. Sai sikelin awon albarushi, da abin gwada tsawo, da abin datse bakin kwanso, da wata roba mai girgiza da ake wanke kwansuna a ciki, da littafin da yake ɗauke da ma'auni. Kamfanonin da suke ƙera waɗannan sanannu ne kuma yawanci tsofaffi ne. RCBS ya fara ne a 1943 a garin Oroville na jihar Kalifoniya. Hornady yana Grand Island a Nebraska tun 1949. Lee Precision yana Hartford a jihar Wiskonsin, shi ne na talaka, kayansa sunfi araha. Dillon yana Scottsdale a Arizona, shi kuma ya shahara da injin da duk jan mariƙi ɗaya harsashi ɗaya cikakke yake faɗowa, masu gasa da suke harba dubbai a wata shi suke so. Ga Redding a jihar New York, ga Lyman a Connecticut.

Toh, mutum zai ɗauka in ance kayan sunyi tsada maganar injin ake. Eh injin ma ya tashi, zan zo kansa. Amma abin da ya karya bayan mutane ba shi bane, domin inji sau ɗaya ake saya, akwai masu amfani da wanda suka gada daga kakansu. Abin da ake saya kullum shi ne firaima da albarushi da ƙwaya, kuma a nan ne matsalar take da tushe mai zurfi, saboda mai ɗuri a gida baya da wata masana'anta da aka gina dominsa. Ragowar wasu yake ci. In masu gaba dashi a layi sun ƙoshi ya samu, in basu ƙoshi ba ya koma gida hannu rabbana.

Ɗauki firaima. Shekara da shekaru manyan masu yinta a duk faɗin Amurka huɗu ne, Federal a Minnesota, CCI a Idaho, Remington a Arkansas, sai Winchester. Kuma dukkansu huɗun nan sana'arsu ta gaskiya ita ce sayar da cikakken harsashi, ita firaima da suke zubawa a kwali su kai kanti rara ce akan abin da suke buƙata. Kamar mai gidan burodi ne da yake ɗan sayar wa mai fanke fulawa daga sitonsa, ranar da layin masu sayen burodi ya kai bakin titi ai bazai auna mata ko mudu ɗaya ba. Haka ya faru a 2020. Korona ta shigo a watan Maris, aka kashe George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu zanga-zanga ta barke a garuruwa, ga zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamba, tsoro ya kama mutane kowa ya ruga sayen bindiga. A shekarar nan kaɗai an yi binciken masu sayen bindiga wajen miliyan 21 a lissafin ƙungiyar masana'antun bindigogi ta NSSF, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 daga ciki karon farko kenan da suka mallaki bindiga. Duk wanda ya sayi bindiga kuwa sai ya sayi harsashi. Shugaban ɓangaren harsashi na kamfanin Vista Outdoor, Jason Vanderbrink, sai da ya fito a bidiyo a ƙarshen shekarar yana rarrashin mutane, saboda jita-jita tayi yawa cewa ɓoye kaya suke, yayi musu lissafi cewa sabbin masu bindiga miliyan 7 in kowa ya ɗauki kwali biyu kacal masu guda hamsin-hamsin an tashi da harsashi miliyan 700 da ba'a shirya musu ba. Odar da take jiran kamfanin a lokacin ta haura dala biliyan ɗaya.

Ana cikin wannan kuma sai Remington ya durƙushe da bashi a watan Yulin 2020, masana'antarsa ta garin Lonoke a Arkansas ta kusa tsayawa cak a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Vista Outdoor, wanda dama shi ke da Federal da CCI, ya saye ɓangaren harsashin akan dala miliyan 81.4. Kaga kenan uku cikin huɗun sun koma hannu ɗaya. Shi kuma Winchester a watan Oktoba na wannan shekarar ya karɓi ragamar tafiyar da masana'antar harsashin sojoji ta Lake City a jihar Missouri, aiki ya ƙaru masa. Firaimar da ake sayen dubu ɗaya akan dala talatin da ƴan kai ta ɓace daga kanti kwata-kwata, in ka ganta to a shafukan gwanjo ne, dala ɗari biyu, wani lokacin har fiye. Mutane suna zuwa ƙofar shago tun asuba ranar da motar kaya zata zo, mai shago ya ce kowa faranti ɗaya ko biyu. Farantin nan fa ɗan ƙaramin abu ne na roba da bai kai tafin hannu ba, guda ɗari ne a jere kowacce a raminta don kada su gogi juna, in ka zube su duka basu cika cokalin shayi biyu ba, amma in babu su to injinka na dala dubu da buhun kwansunanka da gwangwanayen albarushinka duk sun zama kayan ado.

Wani zai ce to me ya hana a ƙara gina masana'anta? Firaima ba kamar ƙusa bace da za'a kunna inji ya ringa tofowa. Sinadarin cikinta abin fashewa ne mai saurin fushi, a jiƙe ake sarrafa shi, kaɗan-kaɗan, a gine-gine da aka ware nesa da juna, kuma wani sashe na aikin har yau da hannu ƙwararrun ma'aikata suke yi. Horar da mutum ɗaya yana cin lokaci, samun izini yana cin lokaci, gini yana cin miliyoyi. Sannan kamfanonin sun sha ganin irin wannan rububin. An yi shi bayan an zaɓi Obama a 2008, an sake yi a 2013 bayan kisan da aka yi a makarantar Sandy Hook inda yara ashirin da manya shida suka rasa rayukansu, mutane suka ɗauka za'a tsaurara doka suka kwashe komai. Duk lokacin kuma in ƙura ta lafa sai kasuwa ta faɗi warwas, kaya su taru a sito, kamar yadda ya faru bayan Trump ya ci zaɓe a 2016. Don haka mai kuɗi yana tsoron ya zuba jari a ginin da kafin a gama shi buƙatar ta wuce. Firaima ta dawo kanti daga baya, wasu ma daga waje aka shigo dasu, daga Bosniya da Ajantina da Barazil da Jamhuriyar Cek, amma farashin bai koma inda yake ba. Ya tsaya a kusan ninki biyu ko fiye na yadda yake a 2019, kuma mutane sun saba biya, wanda ya sayar akan tamanin aka saya me zai mayar dashi talatin.

Maganar albarushi kuma tafi wannan nisa, domin ta wuce iyakar Amurka. Albarushin zamani ba irin baƙin nan na gawayi da kibiritu bane, ana yinsa ne daga wani sinadari da ake kira naitiroselulos, shi kuma ana samunsa ne daga gashin da yake manne a jikin angurya bayan an gurza auduga, ko daga ɓargon itace. Ƙasar Sin tana cikin manyan masu fitar da wannan gashin anguryar bayan an sarrafa shi. A cikin Amurka wuraren da ake yin albarushin nan basu da yawa, akwai St. Marks a Fulorida na kamfanin General Dynamics, akwai masana'antar sojoji ta Radford a Bajiniya. Da yawa daga gwangwanayen da mai ɗuri yake gani da tambarin Amurka cikinsu daga waje yazo, wasu daga Ostareliya, wasu daga Kanada, wasu daga Suwidin da Suwizalan, ga kuma Vihtavuori na ƙasar Finlan. Kuma kusan duk masana'antun nan babban kwastomansu soja ne. Tarihin abin ma ya nuna haka, shi Bruce Hodgdon da ya kafa kamfanin Hodgdon a jihar Kansas a 1947 da ragowar albarushin yaƙin duniya na biyu ya fara, ya saya a hannun gwamnati da araha yana aunawa mutane. Wato tun ran gini tun ran zane, harkar akan rarar soja ta tashi.

Sai ga Rasha ta afkawa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, yaƙin ya zama na manyan bindigogin atilare, ana harba dubbai a rana. Amurka da take yin harsashin atilare mai milimita 155 kusan 14,000 a wata ta ɗaura niyyar kai shi 100,000 a wata, ƙasashen Turai suma kowa ya tashi cika rumbunsa. Kowane harbi ɗaya na atilare yana cin kilo-kilo na abin tunkuɗawa, kuma daga naitiroselulos ɗin nan dai ake yinsa. To in kai ne mai masana'anta, ga gwamnati da kwangilar shekaru da kuɗi a hannu, ga kuma wani dattijo a Montana da yake son gwangwani ɗaya na farautar barewa, wa zaka fara sallama? A ƙarshen 2023 Vista ya sanar cewa daga 1 ga Janairun 2024 firaima zata ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, albarushin Alliant, wanda shima kamfaninsa ne, da kashi 10, yana kafa hujja da ƙarancin albarushi a duniya. Ba'a yi rabin shekara ba, a watan Mayun 2024, Alliant ya dakatar da tura albarushin gwangwani zuwa shaguna gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu bane ga masu harkar, saboda albarushi ba'a musanya shi haka kawai, kowane iri da saurin cinsa, wanda ya shekara ashirin yana amfani da iri ɗaya in ya ɓace sai ya koma farko ya sake gwaji a hankali, ya ƙona firaima da ƙwaya masu tsada wajen gwajin, in ya yi garaje kuwa bindiga tana iya fashewa a hannunsa. Gwangwanin laba ɗaya da ake saya ƙasa da dala talatin yanzu arba'in da wani abu ne zuwa sittin. Kuma in ta intanet ka yi oda akwai kuɗin haɗari da ake ɗorawa akan kuɗin aike, saboda abu ne mai kamawa da wuta, wannan kaɗai yana iya kusan kai rabin kuɗin gwangwani ɗaya.

Ni abin da yafi tsaya min a rai a wannan gaɓar shi ne, tsadar gwangwanin albarushi a wani shago a Teksas alama ce ta yawan abin da ake harbawa kan mutane a wani wuri. Mai sha'awa ya rasa abin wasansa na ƙarshen mako, wannan abin a tausaya ne daidai gwargwado, amma inda albarushin ya tafi gidaje ne suke rushewa da mutane a ciki. Allah ya kawo ƙarshen waɗannan yaƙe-yaƙe.

Sai ƙarafa. Kwanso haɗi ne na jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, rigar ƙwayar ma jan ƙarfe ce. A watan Maris na 2020 tan ɗaya na jan ƙarfe ya faɗo ƙasa da dala 5,000, zuwa Mayun 2021 ya haura 10,000, saboda motocin lantarki da wayoyin wuta da sola duk shi suke ci. Akwai kuma wani ƙarfe da ba'a cika jin sunansa ba, antimoni, da shi ake taurara dalma kuma yana cikin haɗin firaima. Sin ce kan gaba wajen haƙo shi da tace shi, ta fara taƙaita fitar dashi a Satumbar 2024, a Disamba ta hana kaiwa Amurka, farashinsa ya ninka ya sake ninkawa cikin abin da bai kai shekara biyu ba. Akwai wata magana da masu harkar suke yawan maimaitawa, wai rufe masana'antar narka dalma ta Herculaneum a Missouri a ƙarshen 2013 shi ya jawo tsadar harsashi. An rufe ta da gaske, kuma ita ce ta ƙarshe mai narka dalma daga dutsen ma'adini a ƙasar, amma yawancin dalmar harsashi daga tsofaffin batiran mota ake sake narko ta, don haka wannan bayanin baya da ƙarfi sosai.

Wani abin da ya ƙara matsi ta bayan fage shi ne hana shigo da harsashin Rasha. Gwamnatin Biden ta sanar da haka a Agustan 2021 a cikin takunkumin da ta saka saboda gubar da aka baiwa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny. Harsasan Rasha masu kwanson baƙin ƙarfe, irin su Tula da Barnaul, sune mafi araha a kasuwa a lokacin, masu ƙaramin ƙarfi dasu suke atisaye. Da suka ja baya sai duk waɗannan mutanen suka dawo kan na gida, masana'antun gida suka ƙara riƙe firaimarsu da albarushinsu.

Yanzu mu dawo kan injin da kansa. A 2020 da harsashi ya ɓace, dubban mutane da basu taɓa ɗuri ba suka ce bari mu koyi yin namu, suka afkawa injina da dayis har sai da aka ringa jiran oda watanni. Da yawansu sun sayi injin ne kafin su gane babu firaima, abin tausayi. Daga nan sai hauhawar farashi ta gama-gari ta zo, wadda ta kai kashi 9.1 a watan Yunin 2022, mafi girma cikin shekara arba'in, kuɗin ma'aikata ya tashi, kuɗin kwantena ya tashi, kuɗin zubin ƙarfe ya tashi. Injinan nan ko dai zubin baƙin ƙarfe ne ko na alminiyam, kuma a 2025 gwamnatin Trump ta saka harajin kashi 25 akan ƙarfe da alminiyam na waje a watan Maris, ta mayar dashi 50 a watan Yuni, a Agusta kuma ta saka kashi 50 akan kayan jan ƙarfe da aka fara sarrafawa. Mutum zai ce ai kamfanonin a Amurka suke ƙerawa, harajin bai shafe su ba. Ya shafe su, domin da zarar na waje yayi tsada shima mai narkawa a gida sai ya ɗaga nasa. Dayis masu kyau na ƙananan bindigogi kuma akwai zoben wani ƙarfe mai tauri da ake kira tangistin a cikinsu, shima mafi yawansa na duniya daga Sin yake fitowa, kuma ta saka masa takunkumin fitarwa a Fabrairun 2025. Sikelin lantarki da na'urar da take auna albarushi da kanta, da yawansu dama can ake haɗa su, haraji kai tsaye ya hau kansu.

Amma akwai wani ɓangare na tsadar da su masu harkar ne suka jawowa kansu, kuma ba laifi bane, ɗabi'ar ɗan Adam ce. A da mutum da inji ɗaya da sikelin hannu ya gama. Yanzu gasar harbin nesa ta yi tashe, ana harbin farantin ƙarfe daga mita dubu, kowa yana son harsasansa su fita da gudu iri ɗaya sak. Sai aka shiga sayen sikelin ɗakin gwaje-gwaje, da na'urar gasa bakin kwanso, da na'urar auna gudun harsashi irin wadda Garmin ya fitar a ƙarshen 2023 akan kusan dala 600. Sabon shiga in ya kalli bidiyo a YouTube sai ya ɗauka duk sai ya mallaki waɗannan kafin ya fara, ya haɗa lissafi yaga dala dubu biyu ko uku, ya fasa. Alhali kayan farawa na Lee har yanzu ƴan ɗaruruwa ne, kuma barewa bata san da wane sikeli aka auna ba.

Ga yadda lissafin yake a ƙasa. Ɗauki harsashin milimita 9, wanda yafi kowanne yawa a ƙananan bindigogi. Kafin 2020 firaima kusan santi uku ce (santi ɗari ne dala ɗaya), albarushi santi ɗaya ko biyu tunda laba ɗaya tana cika sama da dubu, ƙwaya santi bakwai zuwa goma, kwanso kuma kyauta ne, a filin atisaye zaka ga dattijo da bokiti yana sunkuyawa yana tsince na waɗanda basa so. Ka tashi da harsashi a kusan santi goma sha biyu zuwa sha huɗu, na kanti yana kusan ashirin. Ga kuma harajin kashi 11 da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗorawa cikakken harsashi don kula da namun daji, wanda baya hawa kan kayan haɗi in an saye su daban-daban. Yanzu fa? Firaima kaɗai santi bakwai zuwa tara, albarushi ya kusa ninkawa, ƙwaya ta ƙaru, ka tashi a wajen ashirin ko sama, shi kuma na kanti da rububin ya wuce ya sauko kusa da ashirin da biyar. Ribar santi uku ko biyar akan kowane ɗaya, ka raba kuɗin inji da wannan kaga dubu nawa zaka ɗura kafin ka mayar da uwar kuɗi, ba'a maganar daren da ka raba kana jan mariƙi. Abin lura a nan shi ne masana'anta tana samun firaimarta akan kuɗin da ta kashe wajen yi, shi kuma mai ɗuri yana saye da ribar masana'anta da ta dila da ta mai shago, shi yasa cikakken harsashi ya iya saukowa amma kayan haɗinsa suka ƙi.

A manyan bindigogin farauta labarin daban ne. Kwalin guda ashirin na mai kyau yana kaiwa dala arba'in zuwa sittin, na wasu girman da ba'a cika samu ba ya wuce ɗari, a nan ko da tsadar kaya mai ɗuri yana rage rabi ko fiye. Akwai kuma masu tsofaffin bindigogin gado da masana'antu suka daina yiwa harsashi, waɗannan basu da zaɓi. Su ne suka rage a harkar, da masu neman daidaito, da waɗanda aikin ne kawai yake kwantar musu da hankali. Wanda ya fita shi ne mai ƙaramin albashi da ya shigo don sauƙi, da ɗan fansho da kuɗinsa basa ƙaruwa, kuma ni a ganina su ne asalin masu abin.

Mu a nan wannan ba harka bace da ake shiga, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba, aikin na irin su DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma duk wanda ya san abin da harsashi ya yiwa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato bazai so a sassauta wannan ba. Amma abin da ya tsadantar da gwangwanin can, wato jan ƙarfe da naitiroselulos da antimoni, kasuwarsu ɗaya ce a duniya, kuma duk rundunar da take sayen harsashi daga waje a cikinta take ciniki.

Su kansu kamfanonin sun ci gaba da haɗewa. A Mayun 2024 Hodgdon mai albarushi ya saye RCBS mai injina. A Nuwambar shekarar kuma kamfanin Czechoslovak Group na ƙasar Cek ya saye Federal da CCI da Remington da Speer mai yin ƙwaya da Alliant gaba ɗaya akan sama da dala biliyan biyu, bayan dama tun 2022 ya mallaki kaso mafi yawa na Fiocchi na Italiya, kuma kamfanin nan yana cikin manyan masu yiwa Yukren harsashin atilare. Wasu suna ganin hakan zai sa a samu albarushi daga Turai cikin sauƙi, wasu kuma suna ganin hannu ɗaya ya riƙe wuƙa da nama, ni dai nafi karkata ga na biyun, domin inda masu sayarwa suka ragu da wuya farashi ya sauko don kansa. Ɗan hasken da ake gani daga jihar Arkansas yake, inda wani sabon kamfani, White River Energetics, ya fara yin firaima a garin Des Arc yana sayarwa, shima Fiocchi tun Nuwambar 2022 ya sanar da gina masana'antar firaima marar dalma a Little Rock akan dala miliyan 41.5. Wannan zai taimaka a ɓangaren firaima. Ɓangaren albarushi kuwa sabbin masana'antun naitiroselulos da ake faɗaɗawa a Turai da kuɗin gwamnatoci ake yinsu kuma don atilare, sai rumbunan sojoji sun cika tukunna sannan ragowar zata gangaro shagon mafarauta.